Tukunyar da Ta Yi Shiru

Ƙarfe goma ta ɗan gota lokacin da Auta ta shiga layin masu kayan gyara, da tsohuwar roba naɗe a leda. Shekarunta talatin da shida, 'ya'yanta uku, amma har yau ba mai kiranta da wani suna sai Auta. Ita da mahaifiyarta, Inna, suke riƙe da ɗan gidan abinci a bayan wani kamfanin buga takardu. Ƙarfe ɗaya daidai ma'aikata wajen sittin suke fitowa da yunwa, kuma duk aikin ya rataya ne a kan tukwanen firesha biyu, irin masu murfin nan da ke kullewa gam su dafa wake cikin rabin awa. Babba da Ƙarama suke ce musu. Jiya da yamma robar murfin Ƙarama ta tsage, shi ya sa yau ta bar Inna ita kaɗai da Babba ta fito nema.

A shago na farko wani matashi ya kalli robar daga nesa, ya zaro wata ya miƙo mata ya ce duk ɗaya ne. A na biyu aka ce ta sayi wadda ta fi girma, in ta je gida ta rage da almakashi. Ba ta san aikin ba, amma maganar ba ta kwanta mata ba. Wata mai sayar da cokula ce ta nuna mata ƙarshen layi.

"Je ki wajen Santimita. Sai dai ki tafi da haƙurinki, don sai ya auna ki kafin ya auna robar."

Shagon bai fi faɗin soro ba. Robobi ne rataye a ƙusoshi tun daga ƙasa har rufi, baƙaƙe da farare da masu ruwan toka, kowace ƙusa da ɗan kwali an rubuta lamba. A kan kanta kwalabe ne cike da usur da bawul da hannayen tukwane. Mai shagon dattijo ne siriri, da tef a wuya kamar tela. Suka gaisa, ta ajiye robar a gabansa.

"Baba, irin wannan nake so. Ta mai lita biyar ce."

"Lita ba ta gaya min komai, 'yata. Akwai mai lita biyar doguwa, akwai gajera mai faɗin baki." Ya shimfiɗa robar a tebur ya ɗora tef. "Wannan ma ta tsufa ta saki jiki, ƙarya take yi min. Da sabuwa ce ba za ta kai haka ba."

Ya ɗauki reza ya yanke ta gida biyu, ya nuna mata bakin yankan. Leɓe biyu ne a buɗe kamar bakin tsuntsu. Ya sauko da sababbi guda biyu ya jera mata.

"Wacce ce taki?"

Ta duba, ta juya su. "Ai iri ɗaya ne."

"Wannan ta fi waccan kauri da abin da bai kai farce ba, kuma leɓenta a tsaye yake. In kin sa ta, murfi zai rufu in kin danna da ƙarfi, za ki ce kin dace. Ina murfin?"

"Na bar shi a shago."

"Lambar da ke gindin tukunyar fa?"

Ta kalli agogon wayarta. Goma da minti ashirin da biyar. Ranta ya fara ɓaci, har ta buɗe baki za ta ce ya ba ta ko wacce ce, sai ta tuna jiya ta ɗauki hoto, da nufin nuna wa masu shago. Ta lalubo shi ta miƙa masa. Murafun biyu ne a kan teburin kicin, na Ƙarama a gaba, na Babba a bayansa.

Santimita ya gyara tabarau, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Ya karanta lambar, ya gyaɗa kai. Har zai miƙo mata wayar sai ya tsaya. Ya ja hoton gefe, ya ƙara buɗawa.

"Wannan na bayan, mene ne a kansa?"

"Noti ne. Yayana ya sa shekaranjiya."

"Me ke wurin a da?"

"Wani ɗan abu ne kamar maɓalli, yana ta yoyon tururi. Yaya makanike ne, ya cire shi ya ɗaure wurin da noti. Ya kuma canza mata roba, ya samo wata mai kauri a wajen abokinsa. Ya ce yanzu ko iska ba za ta fita ba."

Dattijon ya ajiye wayar a hankali. Ya cire tabarau.

"An ɗora ta a wuta tun da ya gyara?"

"Jiya mun dafa nama da ita, lafiya lau."

"Yau fa?"

"Wake. Inna za ta ɗora da goma da rabi."

"Kira ta yanzu. Ki ce kada ta kunna. In ta kunna ta kashe ta fita."

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya tsorata ta. Ta kira. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira. Ta san inda wayar take: cikin jaka, a ƙarƙashin kanta, a bayan buhun shinkafa. Kunnen Inna ya yi nauyi shekara biyu ke nan, ko a hannunta wayar take sai ta ga haskenta.

"Ba ta ɗauka. Baba, mene ne?"

Yana magana yana zaro usur daga kwalba. "Ƙofa uku tukunyar nan take da su. Ta farko wannan, bututun da usur ke zaune a kai. In ya toshe, ɗan maɓallin nan da yayanki ya cire shi ne zai fashe ya saki tururin. In shi ma ya ƙi, robar ce za ta turo kanta ta wata 'yar taga a gefen murfi. Ta gaskiya tana da laushin da za ta turo. Mai kauri ba za ta yi ba sai abu ya kai inda ya kai. Yayanki ya rufe ƙofa biyu. Saura ɗaya, ramin da bai fi tsinken ashana ba. Nama ba ya toshe shi. Wake yana kumfa, yana sakin ɓawo."

Inna ba ta jin usur daga nesa, don haka kullum kujerarta 'yar tsugunno a gindin murhu take, a nan take yanka albasa tana jira.

"Akwai wanda ke kusa da ita?"

"Tela ne a gefenmu. Ba ni da lambarsa."

"To tafi. Saurara tukuna." Ya riƙe bakin kantar. "In kin tarar tana usur, da sauƙi, kashe wuta kawai. In kin tarar ta yi shiru alhali wuta na ci, kada ki taɓa ta, kada ki matsar da ita, kada ki ɗaga usur ɗin ki ga ko lafiya. Kashe gas daga silinda, ki fitar da tsohuwa, ku yi nisa. Kada kowa ya shiga sai ta huce da kanta."

Ta fita ba ta ɗauki ko ledarta ba.

A bakin titi ta samu tasi. Tana zama ta kira Yaya. Sai a kira na uku ya ɗauka, ana jin ƙarar guduma a bayansa.

"Auta, ina ƙarƙashin mota. Yaya aka yi?"

Ta faɗa masa, maganar na fita a hargitse. Ya yi dariya.

"Wa ya gaya miki? Mai shago? Ai dole ya ce haka, so yake ki kwashi kayansa. Injin babbar mota nake buɗewa in mayar, tukunya ce za ta gagare ni? Jiya ba ku dafa nama ba?"

"Ya ce wake daban ne."

"Wake ya zama bam ke nan. Ke dai kin cika tsoro tun kina ƙarama."

"Yaya, Inna tana zaune a gindinta."

Sai ya ce yana aiki, ya kashe.

Goma da minti arba'in. Tasin ta bi babban titi, ta wuce gidan mai, ta zo shataletale ta tsaya cak. Wata babbar mota ce ta mutu a tsakiyar hanya, an kewaye ta ana ta hon. Direban ya kashe injin ya jingina da kujera, ya fara ba ta labarin yadda jiya ma haka aka yi. Auta ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Lissafi take yi. In Inna ta ɗora da goma da rabi, tukunya mai girman Babba takan ɗauki minti goma sha biyar kafin ta fara usur. Wataƙila ma ba ta ɗora ba. Wataƙila mai kawo albasa ya makara, ko ta tsaya hira da tela. Amma Inna ba ta taɓa makara ba a rayuwarta.

Ta sake kiran wayar Inna. Ta sake kiran Yaya, bai ɗauka ba. Ta rubuta masa: *Ka rufe ƙofa biyu cikin uku. In wani abu ya same ta, kai ka sani.* Ba ta taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ta tura.

Ta sallami direban ta fita tsakanin motoci. Daga shataletalen zuwa shago tafiyar minti ashirin ce ga mai tafiya a hankali. Ta tattare zanenta ta fara sauri, saurin ya koma gudu. Ta ratsa ta cikin tashar motoci, ta bi bayan makaranta, ta tsallake kwalbati. Takalminta ɗaya ya tsinke a wajen masu wankin mota, ta cire duka biyun ta riƙe a hannu. Mutane na kallonta, wata mata ta tambaya ko lafiya, ba ta tsaya ba. Rabonta da gudu tun kafin ta haifi na farko. Ƙirjinta kamar ana hura masa wuta.

Da ta shawo kwanar kamfanin sai ta rage gudu ta kasa kunne. Injinan buga takardu na ta sassarfa a cikin ginin. Keken tela na tafiya. Daga shagonsu ba a jin komai.

Sha ɗaya da minti biyar.

Ta wuce tsakanin teburan cin abinci, ta ɗaga labulen kicin. Inna na zaune a kujerarta, bayanta bai fi kamu uku da murhu ba, da faranti a cinya, tana yanka albasa tana ɗan waƙe-waƙenta. Babba na kan wuta. Harshen wutar ya fito ta gefen gindinta yana lasar cikinta. Usur ɗin na zaune ƙyam, ko motsi ba ya yi, wata kumfa ruwan ƙasa ta bushe a gindinsa. Kicin ɗin na warin hannun tukunya da ya fara ƙonewa. Can ƙasa-ƙasa ƙarfen yana cewa ƙas, ya yi shiru, ya sake cewa ƙas.

Inna ta ɗago ta gan ta.

"Kin dawo? Ina takalminki? Kin ga wannan tukunyar, sau ɗaya ta yi usur ta yi gum. Na ƙara mata wuta har sau biyu, ko gezau."

Silindar na ƙarƙashin tebur, a ɗaya gefen murhun. Kafin a kai gare ta sai an wuce ta gaban tukunyar. Inna kuwa gwiwarta ba ta tashi da sauri, kuma ba a taɓa tashinta daga wuri ba tare da an yi mata bayani ba. Auta ta tsaya tana kallon su biyun na ɗan lokacin da ba ta san tsawonsa ba. Sai ta yar da takalman, ta durƙusa, ta rarrafa ta gaban murhun, kanta a sunkuye. Zafin ya daki ƙeyarta. Ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur ta lalubo kan silindar. Hannunta ya jiƙe da gumi, ya zame. Ta goge a zani ta sake kamawa ta murɗe.

Wutar ba ta mutu nan take ba. Ta ci gaba da ci da ragowar gas ɗin da ke cikin tiyo, ta yi ƙasa, ta yi shuɗi, sannan ta ɗauke.

"Ke, me kike yi haka? Waken bai nuna ba."

Auta ta rarrafo baya, ta ɗauke farantin daga cinyar Inna ta ajiye a ƙasa, ta zura hannuwa ƙarƙashin hammatarta.

"Tashi, Inna."

"In tashi in je ina? Sha ɗaya ta wuce, ko miya ban haɗa ba."

Ta kai bakinta saitin kunnenta. "Tukunyar za ta fashe. Tashi."

Inna ta waiga za ta duba, har ta miƙa hannu wajen murfin. Auta ta kama hannun ta mayar, ta ɗaga ta da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. Suka fita ta ƙofar baya, Inna na ɗingishi tana faɗa, ita wuƙarta take so, da mayafinta. Auta ta zaunar da ita a kan bulo a gindin katangar kamfani, ta leƙa ta tagar tela ta ce ya fito da shi da mai jiran ɗinki. Ya ga fuskarta, bai tambayi dalili ba.

A lokacin ne babur ɗin Yaya ya shigo lungun. Ya sauka da kayan aikinsa, baƙin mai har gwiwar hannu, fuska a murtuke. Ya kalli Inna, ya ga lafiyarta ƙalau, sai fushin ya dawo masa gaba ɗaya.

"Ni kika rubuta wa wannan maganar? Ni?"

"Yaya, bari ta huce tukuna."

"Kin tara min mutane a kan tukunyar wake. Matsa in ɗaga usur ɗin da cokali, tururin ya fita, kowa ya koma aikinsa."

Ya nufi ƙofar. Ta riga shi, ta tsaya a bakinta, ta dafa ginshiƙan biyu da hannuwanta. Shekara goma sha ɗaya ya ba ta. Shi ya riƙa kai ta makaranta a kan keke, shi ya tsaya mata a matsayin uba bayan rasuwar mahaifinsu. Ko muryarta ba ta taɓa ɗagawa a gabansa ba.

"Ba za ka shiga ba."

"Auta, matsa."

"Sai dai ka ɗauke ni."

"Ku bar wannan shirmen," in ji Inna daga inda take. "Ke Auta, yayanki ne fa."

Ya kama damtsenta. Ta ƙara riƙe ginshiƙin. Ba ta san me za ta yi ba in ya ja, kuma ba ta samu damar sani ba, don a daidai nan ƙarar ta tashi a bayanta. Ba irin fashewar da take zato ba ce. Wani tas ne mai kaifi, sai gunji, kamar an buɗe bakin babbar mota a cikin ɗaki. Kwanoni suka zubo. Tururi ya turo labulen ƙofar ya daki bayanta, Yaya ya fizgo ta suka faɗi tare a kan simintin lungun.

Gunjin ya ɗauki kusan minti guda kafin ya koma huci, hucin ya koma shiru. Injinan kamfani ma an tsayar da su, mutane sun leƙo ta tagogi. Inna, wadda ba ta jin usur, wannan kam ta ji. Ta dafe ƙirji tana salati a hankali.

Sun jira rabin awa kafin su shiga. Robar ce ta tsage ta turo ta gefen murfi, ta ɓangaren da ke kallon ƙofa. Wake ya yi layi a bango tun daga tsayin gwiwa har kusa da rufi. Kujerar Inna ta kife, ta yi jagab, albasar da ke farantin ta dahu ta yi laushi. Fentin bangon da ke bayan kujerar ya kumbura ya ɗaye. Yaya ya tsaya a gaban kujerar ya daɗe. Ya sa yatsa ya taɓa fentin, ya zube.

Da tukunyar ta huce ya buɗe ta, ya zare usur ɗin, ya ɗaga murfin saitin haske. Bututun a toshe yake da ɓawon wake, ya daskare kamar an cusa da gangan. Ya ɗora tukunyar a tebur sai ta yi ta rawa, gindinta ya turo ya yi ciki. Notin kuwa yana nan daram, ko ɗigon ruwa bai fita ta wurin ba.

"Ya yi kyau dai, ɗaurin," in ji tela daga bakin ƙofa. Ba wanda ya yi dariya, ya koma shagonsa.

Inna ce ta fara magana. "Shi ma gyara ya yi niyya."

"Na sani, Inna."

"To kada ki riƙe shi a rai."

Sha biyu saura kwata, kuma mutum sittin ba ruwansu da abin da ya faru. Ta wanke babbar tukunyar alminiyam ta ɗora ruwan taliya, ta fasa ƙwai kiret biyu. Ta ɗauki wuƙa za ta fara yanka tumatir. Yaya ya wanke hannu da omo har sau uku, ya karɓi wuƙar daga hannunta. Yankansa manya-manya ne, marasa kyau, ba ta gyara masa ba. Da ƙarfe ɗaya ta yi shi ya riƙa kai faranti tebur, da rigar garejinsa. Wani ma'aikaci ya ce shi fa wake ya zo ci, Yaya ya ce masa yana bango, ya shiga ya kankara.

Babba ba ta sake hawa wuta ba. Washegari Yaya ya ɗauki murafun biyu da tukunyar Ƙarama da kansa ya kai wa Santimita. Dattijon ya duba na Babba ya ce ba zai sayar masa da komai a kansa ba, bakinsa ya buɗe, a kai wa masu narka ƙarfe. Na Ƙarama kuma ya gwada masa roba uku kafin ya yarda da ɗaya, ya canza mata ɗan maɓallin da nata na asali, ya sa Yaya ya rufe ya buɗe a gabansa har sau biyar. Yaya ya ce tun da ya gama koyon aiki ba a taɓa tsayar da shi haka ba.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, bayan ma'aikata sun watse, Inna ta kwanta a benci ta rufe fuska da mayafi, su biyu suka shiga kicin da bokiti. Waken ya bushe a bango, sai an jiƙa an kankare da bayan cokali. Shi ya hau tebur ya kama sama, ita ta kama ƙasa. Sun fi awa ɗaya suna kankara. Can ya tsaya, bai juyo ba.

"Bayanki bai ƙone ba?"

"Kaɗan ne. Ya yi ja kawai."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kankara. Bayan ɗan lokaci ya miƙo hannu ƙasa ya ce ruwan ya yi datti. Ta karɓi bokitin ta fita ta canzo.